Ƙwayar jiri, juya kai a hannun likita, ko atisaye: wanne ya dace da jirinka?

Wanda jiri na gaske ya taɓa kwasa, irin wanda ɗaki ke juyawa da mutum har amai ya taso, ba ya da buri sai na kada abin ya maimaitu. Daga nan hanya uku ce a gabansa. Ko ya aika kemis a kawo masa ƙwayar jiri irin su Stugeron ko Stemetil, ko ya je wurin likitan kunne a kwantar da shi a jujjuya masa kai, ko kuma a tura shi sashen gashin ƙashi na asibiti a koya masa atisayen da zai yi ta yi a gida har tsawon makonni. Yawancinmu ta farko muke bi, don ita ce kusa kuma ita ce mai arha. A cikin ukun kuwa ita ce ba ta warkar da komai. Tana da ranarta, kuma zan faɗi ranar, amma kafin a zaɓi hanya sai an san wane irin jiri ne, domin abin da ke raba wani da jirinsa cikin minti goma ba zai yi wa wani komai ba ko da shekara ya yi yana yi.

Can cikin kunne, bayan dodon kunne, a cikin ƙashin kai, akwai wasu ƙananan bututu uku masu lanƙwasa cike da ruwa, da 'yan jakunkuna biyu da ke ɗauke da tsakuwoyi ƙanana ƙwarai, na sinadarin da ake samu a alli. Su ne ke gaya wa ƙwaƙwalwa ina kai ya juya, ina ne sama, ina ne ƙasa. Ƙwaƙwalwa kan haɗa saƙon kunnen dama da na hagu da abin da ido ya gani da abin da ƙafa ta taka. Muddin bakinsu ɗaya, ba ka ma san suna aiki ba. Ranar da kunne ɗaya ya kawo labarin da ya saɓa wa na sauran, ranar duniya za ta juya maka.

Ba kowane jiri ne na kunne ba. Wanda ya miƙe tsaye idonsa ya yi duhu, ya zauna ya wartsake, a duba masa jini, a auna hawan jininsa da sukari, a tambaye shi ko ya sha ruwa, musamman a azumin bazara. Akwai kuma wanda ba a jira da shi ko kaɗan: jirin da ya zo da karkacewar baki, ko nauyin harshe, ko ganin abu ɗaya ya zama biyu, ko mutuwar hannu ko ƙafa, ko matsanancin ciwon kai, ko mutum ya kasa tsayuwa sam ko da an riƙe shi. Wannan yana iya zama shanyewar ɓarin jiki, kuma dattijo mai hawan jini ko ciwon sukari ya fi kowa shiga haɗarinsa. Asibiti za a nufa a lokacin, ba gobe ba. Haka nan kunnen da ya daina ji farat ɗaya.

Idan an cire waɗannan, tambaya ɗaya ce ke raba sauran: in ya taso, tsawon wane lokaci yake ɗauka?

In daƙiƙoƙi ne, kuma juya kai ke tayar da shi

Wannan shi ya fi yawa a jirin kunne, likitoci na kiransa BPPV. Mutum ya juya a kan gado, ko ya ɗaga kai zai ɗauko abu a saman durowa, ko ya sunkuya ruku'u, sai ɗaki ya juya da shi kamar na daƙiƙa ashirin ko talatin, ba ya cika kai minti ɗaya, sannan ya lafa. Ji bai ragu ba, kunne ba ya ƙara. Abin da ya faru shi ne wasu daga cikin tsakuwoyin nan sun ɓalle daga jakarsu sun faɗa cikin ɗaya daga bututun, galibi na baya. Duk sanda kai ya karkata sai su gangara su ja ruwan, kunne ya aika saƙon ƙarya cewa ana juyawa. Tsufa na kawo shi, buguwar kai a haɗarin babur na kawo shi, doguwar kwanciyar jinya ma haka, kuma ya fi kama mata.

A nan babu wata gasa tsakanin hanyoyin uku. Tsakuwa ce ta bar wurinta, ƙwaya kuwa ba ta mayar da tsakuwa. Ƙungiyar likitocin kunne, hanci da maƙogwaro ta Amurka ta faɗa a ƙa'idojinta na 2008, ta kuma maimaita a 2017, cewa kada a mayar da magungunan danne jiri abin ba mai wannan ciwo. Abin da ke aiki shi ne juya kai.

Ga yadda ake yi. Likita zai zaunar da kai a kan gadon gwaji, ya juya kanka rabi zuwa gefe ɗaya, ya kwantar da kai da sauri ta baya har kan ya ɗan leƙa ƙasa daga bakin gadon. Zai ce, “Baba, kada ku rufe ido, ku dube ni.” Bayan 'yan daƙiƙoƙi, in kunnen da ke ƙasa ne mai matsalar, jirin zai taso, ƙwayar idon ta kama rawa tana murɗawa, shi kuma rawar idon nan yake nema. Margaret Dix da Charles Hallpike ne suka bayyana wannan gwaji a Landan a 1952, kuma har yau da shi ake gane ciwon, ba da hoton ƙwaƙwalwa ba. In an gane kunnen, sai a zarce da maganin a kan gadon nan: a bar kan a haka kamar rabin minti, a juya shi zuwa ɗaya gefen a sake jira, a mirgina mutum a kan kafaɗarsa har hancinsa ya dubi ƙasa, a jira, sannan a tayar da shi zaune. Kowane juyi na gangaro da tsakuwoyin gaba kaɗan har su fice daga bututun su koma jakarsu. John Epley, wani likitan kunne a Fotland ta Amurka, shi ya tsara wannan, ya wallafa a 1992 bayan shekaru abokan aikinsa na yi masa kallon wanda ya zo da shirme. Kusan mutum takwas cikin goma kan rabu da jirin bayan yi ɗaya ko biyu. Ba allura, ba ƙwaya, ba tiyata. Lokacin yin sa dai babu daɗi, wasu har amai suke yi, kuma a nan ne ƙwaya ɗaya kafin a fara ke da amfani.

To, a jira ya tafi da kansa fa? Yakan tafi, ga mutane da dama cikin makonni. Matashi mai ƙarfi zai iya jurewa. Amma tsohuwar da ke shiga banɗaki da dare, in jiri ya kwashe ta a kan siminti ta karya ƙugu, jiran ya yi tsada. Ban ga hikimar jiran wata guda a kan abin da ake gamawa kafin shayi ya huce ba.

Yin Epley a gida ta kallon bidiyo a waya kuma, ra'ayina a kansa biyu ne. Ga wanda likita ya riga ya gwada, ya gaya masa kunnen dama ne ko na hagu, ya nuna masa yadda ake yi, abu ne mai kyau, tunda ciwon kan dawo, har kusan rabin masu shi kan sake gamuwa da shi cikin shekara biyar. Ga wanda bai taɓa ganin likita ba, caca ce. Zai iya juya kunnen da ba shi ne ba, zai iya kasancewa tsakuwar na cikin bututun gefe wanda juyinsa daban ne, kuma mai ciwon wuya ko ƙashin baya bai kamata ya jefa kansa baya haka kawai ba. Wanda abin ke yawan dawo masa ya tambayi likita batun bitamin D: wani gwaji da aka yi a Koriya ta Kudu aka wallafa a 2020 ya nuna cewa ba da shi tare da kalsiyam ya rage dawowar jirin, musamman ga masu ƙarancinsa.

Batun salla yakan dami mutane fiye da yadda suke faɗa wa likita. Hadisin Imrana bin Husaini da ke cikin Buhari ya ba da sauƙi: a yi a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kishingiɗe. Sai dai wanda ya koma salla a kan kujera wata shida saboda jirin sujada, bai taɓa bari an gwada kunnensa ba, ya ɗauki rangwamen ya bar maganin.

In kwanaki ne ba tsayawa

Wannan wani ciwo ne daban. Mutum ya wayi gari ɗaki na juyawa, ko ya motsa ko bai motsa ba, amai ba ƙaƙƙautawa, in ya tashi sai ya yi ta karkata gefe ɗaya, haka har kwana biyu ko uku. Jijiyar da ke kai saƙo daga kunne ɗaya ce ta kumbura, sau da yawa bayan mura, ana kuma zargin ƙwayar cutar bairas. In ji ma ya ragu, kumburin ya shafi can cikin kunnen gaba ɗaya. A wajenmu irin wannan mara lafiya kan sha maganin maleriya da na taifod kafin wani ya tuna da kunne.

Ranar ƙwaya ke nan. A kwanakin farko Stemetil ko Phenergan ko Stugeron rahama ne, suna tsayar da amai, mutum ya samu ya sha ruwa ya yi barci, wani ma sai an ƙara masa ruwa. Juyin Epley ba shi da aiki a nan, ba tsakuwar da za a mayar. Wasu likitocin kan ba da maganin sitiroyid mai rage kumburi a farkon ciwon, bisa wani bincike na Jamus na 2004, kodayake har yanzu ana muhawara kan yawan amfaninsa.

Amma kwana uku ne iyakar ƙwayar, kuma a nan ake yin kuskuren da ke mayar da ciwon makonni ya zama na shekara. Jijiyar da ta lalace ba lallai ta koma daidai ba. Abin da ke warkar da mutum shi ne ƙwaƙwalwa ta koyi aiki da kunne ɗaya mai ƙarfi da ɗaya mai rauni, ta sake daidaita lissafinta. Ba ta koyon haka sai ta ga kuskuren, wato sai mutum ya motsa kai, ya ji ɗan jiri, ta gyara, ya sake motsawa. Ƙwayar jiri aikinta ta dusashe wannan saƙo. Kwanciya kuma ta hana shi zuwa gaba ɗaya. Mu kuwa son da muke wa mara lafiya shi ne mu ce “Hajiya, ki kwanta ki huta, kada ki tashi,” a kawo mata abinci har gado, a riƙe ta zuwa banɗaki, a sayo wani katin Stugeron in na farko ya ƙare. Bayan wata uku tana nan tana tangaɗi, a ce ciwon ya ƙi jin magani, a fara zancen iska ko sammu.

Atisayen da ake bayarwa ya samo asali ne daga Ingila a shekarun 1940, inda Terence Cawthorne da Frank Cooksey suka lura cewa sojojin da suka samu rauni a kai a Yaƙin Duniya na Biyu sun fi saurin warkewa in sun tashi suna motsi. Na yau an fi tsara shi daidai da mutum, amma ginshiƙinsa mai sauƙi ne. Rubuta babban harafi ɗaya a takarda, ka manna a bango daidai idonka, ka zauna nesa da shi kamar tsawon hannu. Kafa wa harafin ido, ka riƙa girgiza kai dama da hagu kamar mai cewa a'a, da saurin da harafin ba zai yi dishi-dishi ba. Minti ɗaya. Sannan sama da ƙasa, minti ɗaya. Sau uku ko fiye a yini. In zama ya yi sauƙi a koma tsaye, sannan a haɗe ƙafafu, sannan a tsaya a kan katifa, sannan a yi tafiya a tsakar gida ana waiwaye. A riƙa yi kusa da bango, da wani a gefe. Jirin zai ɗan ƙaru yayin yi, haka ake so, matuƙar ya lafa cikin 'yan mintoci. In ya kwantar da mutum yini guda, an wuce gona da iri, a rage.

Aibin wannan hanya a fili yake. Tana da jinkiri, mako shida zuwa goma sha biyu ba abin mamaki ba ne. Tana da gundura. A makon farko mutum kan ji kamar ƙara masa ciwo ake yi, kuma da yawa a nan suke ajiyewa su koma kemis, inda sauƙi ke zuwa cikin awa guda. Sai dai sauƙin ƙwaya bashi ne. Stugeron na sa barci da kasala, kuma dattijon da ya daɗe yana sha zai iya fara rawar hannu da sanyin tafiya irin na cutar Fakinsin. Stemetil kan sa wuyan wasu matasa ya murɗe, ido ya kafe sama, a ɗauka aljanu ne. Dukkansu suna ƙara wa tsoho haɗarin faɗuwa, abin da ake gudu tun farko. Atisaye kuwa ba ya cin kuɗi in ban da na ganin mai koyarwa sau kaɗan, kuma abin da ƙwaƙwalwa ta koya yakan zauna.

In minti ashirin ne zuwa sa'o'i, kunne na ƙugi

Jirin da ke zuwa ya yi tsakanin minti 20 da awa 12 ya tafi, ya dawo bayan makonni ko watanni, kunne ɗaya ya toshe kamar ruwa ya shiga, yana ƙara, ji na raguwa yana dawowa, wannan cutar Meniere ce, sunan likitan Faransa da ya bayyana ta a 1861. Ruwan can cikin kunne ne ke yin yawa. A nan duk hanyoyin ukun ba su isa ba. Epley ba shi da hurumi. Ƙwaya tana taimakawa ne a ranar da abin ya taso kawai. Atisaye na gyara tangaɗin da ke tsakanin tasowa da tasowa, amma ba ya hana tasowar.

Abin da aka saba farawa da shi rage gishiri ne, wani lokaci da maganin sa fitsari. Rage gishiri a gidan Bahaushe ba cokalin gishiri kaɗai ba ne: dunƙulen miya, yajin tsire, kilishi, garin ɗanɗanon taliyar yara, har da kanwa, duk suna ɗauke da sodiyam. Betahistine, wanda aka fi sani da Serc, ana rubuta shi sosai kuma bai cika wahalar da jiki ba, amma babban gwajin da aka yi a Jamus aka wallafa a 2016 bai ga ya fi ƙwayar da ba magani a cikinta rage yawan tasowar ba. Wanda yake sha yana jin daɗi ba zan ce ya bari ba, amma wanda kuɗinsa ke hana shi cefane ya san wannan.

In abin ya ƙi, zaɓi na gaba allura ce ta cikin dodon kunne, kuma iri biyu ce. Ta sitiroyid ba ta lalata ji, amma wataƙila a maimaita. Ta jentamaisin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, tana kashe sashen daidaito na kunnen mai ciwo da gangan don ya daina aiko da ƙarya, tana da ƙarfi, amma tana iya tafiya da sauran jin da ya rage. Wani gwaji a Landan a 2016 ya samu biyun sun yi kusan kunnen doki wajen rage jiri, don haka mai sauran ji a kunnen ya fi dacewa ya fara da sitiroyid. Tiyata ce ƙarshe. Alan Shepard, ɗan sama jannatin Amurka, wannan cuta ta hana shi tashi shekaru, aka yi masa aiki a kunne, a 1971 ya taka wata.

Ambaton jentamaisin ya kawo wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Allurar nan da ake yi wa mutane barkatai a kemis, da 'yar'uwarta sitireftomaisin da aka daɗe ana ba masu tarin fuka, suna iya lalata sashen daidaito na kunnuwa biyu a lokaci guda, musamman ga mai raunin ƙoda. Irin wannan mutum ba ya jin ɗaki na juyawa. Abin da yake gani shi ne duniya na tsalle in yana tafiya, ba ya iya karanta allon shago sai ya tsaya cak, in an ɗauke wuta kuma tafiya ta gagara. Sanƙarau ma kan bar irin wannan tabo. Ga waɗannan, ƙwayar jiri ƙara lalata lamarin take yi, atisaye da fitila a hannu da dare su ne abin yi.

Akwai kuma waɗanda kunnensu ya warke, gwaji bai nuna komai ba, amma wata uku ko fiye suna jin kamar ƙasa na lilo, abin ya fi tsanani a cikin cunkoson kasuwa ko in suna jan allon waya. Ba ƙarya suke yi ba, tun 2017 likitoci suka ba yanayin suna da ma'auni. Maganinsa atisaye ne, da komawa wuraren da ake tsoro a hankali, wani lokaci da maganin damuwa. Mai ciwon ɓarin kai kuma ya faɗa wa likita, don shi ma yana kawo jiri, har ba tare da kan ya yi ciwo ba, kuma maganinsa daban ne.

Wurin zuwa shi ne sashen kunne, hanci da maƙogwaro. Akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, akwai asibitocin koyarwa na Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, kuma manyan asibitoci irin waɗannan suna da sashen gashi. Kafin ka je, in amai ya bari, tambayi likita ko ka dakatar da ƙwayar jiri, don tana iya ɓoye rawar idon da ake nema. Tafi da kwalayen duk abin da ka sha da sunan duk allurar da aka yi maka. Kada ka tsaya a “jiri nake ji.” Faɗi ko ɗaki ne ke juyawa ko ido ne ke duhu, minti nawa yake yi, me kake yi in ya taso, wane gefe ka kwanta, ko kunne na ƙara, ko ji ya ragu. In juya kai ke tayar da shi kuma aka miƙo maka takardar magani ba a kwantar da kai an gwada ba, ka nemi a yi gwajin cikin ladabi. Tuƙin mota, hawa babur, hawa tsani da jan ruwa a bakin rijiya kuma a bar wa wani har sai likita ya ce an koma.